Zafin laftof ɗin shago idan an sa mata USB: abin da na rubuta daga Fabrairu zuwa Afrilu

Asabar, 15 ga Fabrairu, 2025

Kwamfutar ta ɗauke ɗif yau wajen ƙarfe ɗaya na rana, ina tsakiyar buga wa wata ɗaliba furojet ɗinta, an kai shafi na 41 cikin 68. Kafin ta mutu fankar ta daɗe tana gurnani kamar injin markaɗe, ni kuma na yi biris don kunnena ya saba. Da na kai hannu gefen hagu inda iska ke fita, ba shiri na janye. Ɗalibar na kallona, ni ina kallon baƙin allo. Sai da kwamfutar ta yi minti goma tana hucewa kafin ta yarda ta tashi.

'Yar Beljiyam ce, shekararta uku a hannuna. Furosesarta Core i5-3320M, irin na 2012, RAM giga 8, Windows 10. Da ita nake komai a shago: buga takardu, cike fom na intanet, gyaran hoton fasfo. Kafofin USB uku gare ta, biyu masu shuɗin harshe a hagu, ɗaya mai baƙin harshe a dama.

Abin da na lura da shi kusan mako biyu ke nan: idan ba a sa mata komai ba, shiru take. Da an soka filash ko igiyar firinta, kafin minti ɗaya fanka ta tashi. Daga yau zan riƙa rubuta abin da na gwada da abin da na kashe, don na san halina, bayan kwana uku sai in manta wane ne na riga na gwada.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na sa Core Temp, manhajar da ke nuna zafin furosesa. Ba komai a jikinta: digiri 58 zuwa 61. Filash ɗin wani kwastoma: 90 cikin minti uku. Ana bugu da firinta: 94. Iyakar da Intel ya sa wa wannan furosesar 105 ce, idan ta kusanci nan takan rage gudu da kanta, idan abin ya ƙi sai ta kashe komai. Ke nan abin da ya faru ranar Asabar ba lalacewa ba ne, kare kanta ta yi.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na sayi faifan sanyaya mai fanka biyu da ake ɗora laftof a kai, naira 8,000. Shi ma da USB yake aiki. Tunda kafofin hagu mazaunin firinta da filash ne, sai na soka shi a ta dama. Ba filash, ba bugu, ba komai a buɗe, amma zafi ya haura 84. Na cire shi, ya sauko 62. Na mayar, ya sake hawa. Na sayo magani ya zama shi ne ciwon.

Na koma da shi da yamma. Mai shagon ya gwada a tasa kwamfutar, yana aiki lafiya lau, ya ce, "Malam, kayana ƙalau suke, injinka za ka duba." Raina ya ɓaci a lokacin, amma ba ni da abin cewa. Ga shi nan a ƙarƙashin tebur.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Da daddare na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi kafin in kashe dubu takwas. Kafar USB 2.0 bolt 5 take bayarwa, iyakarta miliamfiya 500, wato wat 2.5. Ta 3.0, mai shuɗin harshe, miliamfiya 900, wat 4.5. Furosesar ita kaɗai an gina ta a kan wat 35. Bayan haka ma wutar da filash ke sha ba ta cikin furosesa take bi ba, kuma a kwamfutocin wannan zamanin abin da ke kula da kafofin USB yana cikin cifset ne, wani guntu daban a kan allon uwa. To idan furosesa na zafi don an soka filash, ba wuta filash ɗin ke ja daga jikinta ba. Aiki ake sa ta. Sai a nemo wane ne ke sa ta.

Da safe na buɗe Task Manager, tagar da ke nuna duk abin da ke aiki a cikin Windows, na jera abubuwa bisa yawan cin furosesa, na soka filash. Nan take wani abu mai suna wscript.exe ya hau sama ya tsaya cak a kashi 25. Wannan adadin ya ja hankalina, domin furosesar zare huɗu gare ta, kashi 25 na nufin an kama zare ɗaya an shaƙe shi gaba ɗaya. Na buɗe filash ɗin, duk foldojin sun koma shotkot masu 'yar kibiya. Duk mai shagon buga takardu ya san wannan cutar. Ƙaramin rubutu ne na VBScript da ke zama a kwamfuta yana jiran filash, da ya shigo sai ya ɓoye fayilolin gaskiya, ya kwafi kansa ciki, ya bar shotkot a madadinsu. Wanda ya danna shotkot ɗin a wata kwamfutar ya kai mata.

Abin kunyar shi ne Defender, mai gadin da ke kare Windows daga irin wannan cuta, a kashe na same shi. Da na matsa wa ƙanina da ke taya ni zaman shago, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, wani gem ne ya ƙi shiga, aka ce sai an kashe, na manta ban mayar ba." Tun watan Disamba. Allah kaɗai ya san filash nawa muka shafa wa a wata biyun nan.

Na tsayar da wscript, na bi shi zuwa foldar Temp na goge fayil ɗin, na cire shi daga jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows, na kunna Defender na sa shi binciken da yake yi kafin Windows ta tashi. Filasai huɗu na shago kuma na dawo da fayilolinsu da attrib -h -r -s /s /d. Bayan haka filash a kafar hagu: 69. Na yi hamdala.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Lafiya lau. Shafi 120 aka buga, ba ta wuce 80 ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ina gyaran hotuna, hannuna ya gaji da shafa, na ɗauko maus na soka a dama. Fanka ta tashi. Na duba, babu wscript, amma ga wani layi System interrupts, wato lokacin da furosesa ke ɓatawa wajen amsa kiran na'urori, yana yawo tsakanin kashi 20 da 25, kibiyar maus ɗin kuma tana tafiya tana tsayawa. Sai a lokacin faifan sanyayan ya faɗo mini a rai. Shi ma a dama na sa shi.

Na rufe shago da wuri, na ɗauki takarda na ja layuka: kafa uku, kaya biyar, wato maus, filash, firinta, waya da faifan sanyaya. Gwaji goma sha biyar, kowanne minti biyar, ina jira ta sauko ƙasa da 65 kafin in sa na gaba. Ya ci mini kusan awa uku da man janareto. Kafofin hagu biyu, babu wanda ya wuce 72. Kafar dama, komai na sa sai ya haura 83, har wayar da caji kawai take sha.

Ashe cuta biyu ce ta haɗu a jiki ɗaya, alamarsu kuma iri ɗaya. Da a ce tun ranar 17 na rubuta a wace kafa nake soka kowane abu, da na gane.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Kwana biyu na ɓata a kan direbobi, wato ƙananan manhajojin da Windows ke magana da na'urori ta hanyarsu. Na cire duk abin da ke ƙarƙashin USB a Device Manager na bar Windows ta mayar da su, na kashe saitin da ke sa kafofi barci, na mayar da BIOS yadda ya zo. Ko gezau.

Yau na sayi data ta naira 3,000 na sauke Linux Mint, wata babbar manhaja da ke iya tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kusan giga 3, na ɗora a filash da Rufus, na tashi kwamfutar daga kafar hagu ba tare da na taɓa Windows ba. Na buɗe taga biyu, ɗaya sensors don zafi, ɗaya dmesg -w don ganin abin da injin ke faɗa. Ina soka maus a dama rubutu ya fara zuba kamar famfo ya fashe: an ga na'ura, an rasa ta, an ga na'ura, an rasa ta, tsakaninsu kuma layi ɗaya na ta maimaituwa, "over-current condition". Ma'ana kafar na kukan cewa ana jan wuta fiye da ƙima, mai gadinta ya yanke, ya sake bayarwa, ya sake yankewa. Duk juyi ɗaya sai an katse furosesa an ce ta zo ta duba. Ba ta samun sukunin komawa barcin da take yi tsakanin ayyuka, shi ya sa take gumi alhali ba abin da take yi mini.

Ba laifin Windows ba ne ke nan. Na kuma tuna akwai wani saƙo da ya taɓa fitowa a kusurwar allo game da hauhawar wuta a kafar USB, watanni baya, na rufe shi ko karantawa ban gama ba.

Asabar, 1 ga Maris

Azumi ɗaya. Ba ciniki da safe, sai na haska fitilar waya cikin kafar, na ɗauki hoto na zuƙo shi. Harshen robar ya tsage daga tushe ya ɗan karkace. Ƙarafa huɗu ne kwance a kansa: na gefe ɗaya wuta, biyun tsakiya saƙo, na ɗaya gefen ƙasa. Na wutar ya ɗago daga makwancinsa ya lanƙwashe. Idan ba komai a ciki, a sarari yake tsaye. Da an tura kan igiya sai ya danne shi ya riƙa gogar ƙarfen jikin kafar.

Na san ma ranar da abin ya faru. Igiyar firinta ce wani yaro ya yi tuntuɓe da ita bara, kwamfutar ta kusa faɗowa daga tebur.

Na liƙe kafar da salatif, na rubuta "A'A" a kai da maka saboda ƙanina.

Talata, 4 ga Maris

Ko da an cire waɗancan biyun, 60 ba tare da aiki ba ya yi yawa, don haka na ce bari in buɗe cikinta. Sayayya: saitin ƙananan sukudireba 3,500, sifirit na goge allon lantarki 2,000, man furosesa fari, wanda ake shafawa don ya miƙa zafi waje, a ƙaramin sirinji 1,500.

Bayan la'asar na shimfiɗa farar takarda, na cire caja da batir, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci. Kowane noti na cire sai in ajiye shi a kan zanen da na yi na bayan kwamfutar, don ba tsawonsu ɗaya ba. Da na ɗaga fankar, abin da na gani tsakaninta da haƙoran ƙarfen da iska ke ratsawa ya ba ni tsoro: wani dunƙulen ƙura da zare, ya yi kauri kamar bargo, na kama shi da ɗan hantsaki ya fito a haɗe, tsawon yatsa. Hunturu uku na ƙurar Kano ke nan, ga kuma garin takarda da garin tawadar injin fotokwafi da ke kusa. Iska ta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wurin kawai take samun hanya. Na riƙe fiffiken fankar da tsinke don kar ya yi ta juyi, na bi da burushin haƙori.

Sai bututun jan ƙarfe da ke kwashe zafi daga furosesa zuwa wurin fanka. Notinsa huɗu, da lamba a jikin kowanne, ana kwance su kaɗan-kaɗan bi da bi don kar a danne gefe ɗaya. Tsohon man ya bushe ya zama kamar ƙanzo, yana ɓarewa da farce. Na jiƙa auduga da sifirit na goge har saman furosesar ya koma kamar madubi, na ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, na mayar.

A nan ne yunwa ta yi mini aiki. Ana gab da kiran magariba, ina sauri, na rufe komai na kunna. Shiru, babu ko motsin fanka. Har na fara murna wai ta yi sanyi. Na buɗe Core Temp: 78, 86, 93, 99, lambobin na gudu kamar mitar mai. Kafin in kai hannu ta mutu. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, garin neman gira an rasa ido. Na bar ta na tafi shan ruwa, amma ko kunun ban ji ɗanɗanonsa ba.

Bayan tarawihi na sake kwancewa. Ga 'yar igiyar fankar nan kwance a gefe, ban mayar da ita cikin soket ɗinta ba. Na soka, na kunna kafin in rufe murfin don in ga fiffiken ya juya da idona. Ya juya. A wajen buɗewa ta biyu kuma na karya ɗan maƙalin roba ɗaya na murfin, yanzu kusurwar na ɗan ɗagawa.

Laraba, 5 ga Maris

Ba aiki: 47. Filash a hagu: 52. Bugu: 66. Fankar ma sai na kasa kunne nake jin ta.

Asabar, 8 ga Maris

Na kai ta Beirut Road wurin wani injiniya da maƙwabcina ya yaba. Na fara yi masa bayanin Linux da saƙon da na gani, ya saurara kaɗan, ya ɓare salatif ɗin, ya leƙa, ya ɗora mitarsa. Ba komai a ciki, bolt 5 daidai. Ya tura kan wata tsohuwar igiya, lambar ta faɗi ƙasa tana rawa. Abin da ya ci mini kwana goma, shi minti biyu.

Ya ce, "Alhaji, ka yi sa'a. Wannan kafar ba a kan babban allo take ba, ƙaramin allo ne daban tare da ramin iyafis, ribon ne ya haɗa su. Da na hagu ne sai an sa wuta."

Na ce, "Injiniya, ba za a miƙe ƙarfen kawai ba?"

Ya ce zai iya, amma robar da ke riƙe shi ta riga ta tafi, sati biyu zan dawo ina zaginsa. Ya kuma nuna mini wani ɗan baƙin guntu kusa da kafar, mai ƙafafu ƙanana, ya ce shi ne mai yanke wutar, ya sha wahala har gefensa ya canza launi. Gara a canza allon gaba ɗaya daga wata matacciyar kwamfuta irinta. Allo 7,000, aiki 3,000. Na ba da rabi. Kuɗin adaidaita zuwa da dawowa 800.

Alhamis, 13 ga Maris

Ya kira, na je, allon da aka samo bai yi ba. Kamarsu ɗaya a ido, amma ribon ɗin ya fi nawa faɗi, na wani samfuri ne ɗan'uwansa. Wata 800 ta tafi a banza, ga rana, ga azumi. Wannan karon na sa ya ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohon allon ya tura wa mai nemowa.

Asabar, 15 ga Maris

An sa. A gabansa na soka maus, filash da waya ɗaya bayan ɗaya, System interrupts bai kai kashi 1 ba, zafi 51. Na cika masa kuɗinsa. Mota 800.

Na gwada faifan sanyayan nan a sabuwar kafar. Yana rage digiri 2 zuwa 3. Mai shagon ya yi gaskiya, kayansa ƙalau suke, ni ne dai ban buƙace su ba.

Asabar, 22 ga Maris

Abu biyu a makon nan.

Na farko, babban faifan ajiya na waje da nake zuba hotunan kwastomomi. A kafar dama yana ƙaƙas-ƙaƙas ya ƙi tashi, har na zargi sabon allon. Ba laifinsa ba ne. Irin wannan faifan lokacin da zai fara juyi yana neman fiye da miliamfiya 500 da kafar 2.0 ke iya bayarwa. A shuɗiyar kafa yana tashi, amma nan ne mazaunin firinta da filash. Na sayi marabar USB mai kafa huɗu wadda ke da nata cajar, 12,000. Yanzu firinta, faifan da filasan kwastomomi duk a jikinta suke, igiya ɗaya ce ke shiga kwamfutar, kuma na ɗaure ta da ƙafar tebur. In ma wani ya sake tuntuɓe, marabar ce za ta ji jiki.

Na biyu ya fi ba ni haushi. Zafin zaman banza ya fara hawa a hankali, 47 ya koma 50, yau 55. Wani ɓangare zafin gari ne, amma ba duka ba. Na buɗe, farin man nan na 1,500 ya tsinke ya gangare gefe, tsakiyar furosesar kusan a bushe. Kwana 18 kacal. Na sayi wani man mai suna Arctic MX-4, giram 4, naira 9,000, na sake gogewa na sa. Wannan karon da safe na yi, igiyar fanka kuma ita na fara sokawa kafin in taɓa noti ko ɗaya. Ya dawo 46.

Na kuma shiga saitin wuta na mayar da iyakar ƙarfin furosesa kashi 99 maimakon 100. Wannan ɗan kashi ɗayan yana hana ta yin tsallen da take yi daga gigahaz 2.6 zuwa 3.3. A Word da bugu ban ji bambanci ba, sai a gyaran hoto ne take ɗan jan ƙafa, amma kusan digiri 8 ya sauka a lokacin aiki mai nauyi. Zan bar shi haka har damina ta sauka.

Laraba, 26 ga Maris

Cunkoson hotunan sallah da katunan gayyata. Tun safe har dare a kunne, ba ta wuce 71 ba. Defender ya kama shotkot a filasai uku na kwastomomi, ɗaya daga cikinsu ina kyautata zaton daga nan ya ɗauka tun farko.

Asabar, 5 ga Afrilu

An dawo daga hutun sallah, garin ya ɗauki zafi sosai, da rana kwanon shagon kamar tanda. Ƙarfe biyu na auna: zaman banza 52, filash ta maraba 55, bugun shafi 90 a jere 74.

Jimillar abin da na kashe 51,400. Faifan sanyaya 8,000 da man farko 1,500 asara ce tsagwaronta, haka ma zuwan ranar 13. Allo da aikinsa, wato ainihin abin da ya lalace, 10,000 ne kawai a ciki.

Abin da ya rage: batirin ba ya kai minti 20, idan aka ɗauke wuta kafin a tada janareto sai ta mutu, zan tambayi farashi ranar Litinin. Na sa wa ƙanina asusu nasa daban wanda ba ya iya kashe Defender, ya yi fushi na kwana ɗaya. Akwai kuma maganar 14 ga Oktoba, 2025, ranar da Microsoft zai daina tallafa wa Windows 10, ita kuma wannan furosesar ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Filash ɗin Linux Mint na nan a aljihun tebur, mako mai zuwa zan gwada ko zai ga firintar. Na rubuta a kalandar bango in sake buɗe fankar farkon watan Yuli in ga yawan ƙurar da ta tara a wata huɗu.